Rakiyar Baƙo a Paraku da Jugu: Yadda Ake Shiga Fada, Kasuwa, Gidan Tarihi da Wurin Ibada

Samarinmu na Ladjifarani da Zongo da sauran unguwannin Paraku, a ƙasar Benin, sun fara gane cewa rakiyar baƙi sana'a ce mai ci da gida. Ga ɗalibai da ke tasowa daga Kwatano, ga 'yan kasuwar Kano da Sakkwato da kan sauke kaya su sami kwana biyu ba abin yi, ga Turawa masu wucewa zuwa Natitingu, ga kuma jikokin fatake masu neman unguwar da kakansu ya taɓa sauka. Kowannensu yana bukatar ɗan gari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kurakuran da sababbin shiga ke maimaitawa, kullum iri ɗaya: a tsaya da baƙo a ƙofar fada ba a nemi iso ba, a jefa shi kasuwa rana tsaka da jaka a rataye a baya, a zuba masa ido ya ɗaga waya ya ɗauki hoton tsohuwa mai sayar da cuku, in ya yi tambaya kuma a ƙaga masa tarihi nan take.

Duk tushensu ɗaya. Yaro yana ɗauka an ajiye waɗannan wurare ne don kallo, alhali gidan tarihi kaɗai aka gina saboda mai kallo. A fada akwai sarki mai sauraron ƙara da sulhunta jama'a. Kasuwa wurin neman abincin mutane ce. Masallaci da coci da wurin bautar gargajiya duk suna da masu su. Baƙo zai koma garinsu, kai ne za ka sake bi ta wannan ƙofa mako mai zuwa, kuma in ka ɓata ta, har da mu za a rufe wa.

Abin da za ka tanada

Harshe shi ne kayan aiki na farko. Faransanci na takardu ne da shingen 'yan sanda. Dandanci shi ne harshen ciniki a Paraku da Jugu, wanda bai iya shi ba bai shirya rakiya a nan ba. Hausa za ta kai ka zango da kasuwar dabbobi da wurin mahauta. Bayan waɗannan, ka koyi gaisuwa cikakkiya da harshen Bariba, da na Yom saboda Jugu, da Fulatanci. Ba sai ka iya hira ba. Gaisuwar safe da tambayar iyali da godiya sun isa su sassauta fuskar dattijo.

Sai takardu: katin shaidarka, da fasfo ko katin shaidar baƙo, da katinsa na rigakafin shawara. Ka gani da idonka kafin ku tashi, kada ka yarda da "yana cikin jaka".

Sai ƙananan kuɗi, sulalla da takardun 500 da na 1000 na sefa, domin mai tallar doya ba ta da canjin 10,000. Sai goro mai kyau a cikin ganye, da ambulan biyu ko uku. Sai zane da mayafi na aro saboda baƙuwar da ta fito da gajeren tufafi. Sai hular kwano guda biyu in a kan babur za ku yi yawo, don ana kama direba da fasinja marar hula, kuma titin Paraku cike yake da manyan motoci masu zuwa arewa. Ruwan sha na gora, da ƙullin gishiri da sukari na kantin magani, da batirin ajiya na waya.

Na ƙarshe shi ne ɗan littafi, inda za ka rubuta sunan mai yin iso a kowace fada, da mai riƙe da mabuɗin gidan tarihi, da ladanin masallaci, da direban da ka yarda da tuƙinsa. Wannan littafi shi ne jarinka, kuma shekaru ake yi ana cika shi.

1. Ka san baƙonka kafin ka zana hanya

Ku zauna tukuna, ko da rabin awa ne. Me ya kawo shi? Kwana nawa gare shi? Yana iya doguwar tafiya a ƙasa? Yana da ciwon sukari ko hawan jini? Me yake ci, me ba ya ci? Sababbi suna tsallake wannan zama don suna da hanya ɗaya da suka haddace, kowa ya zo ita za a bi da shi. Alhajin da ya zo daga Katsina yana son ganin kasuwar shanu da malaman Jugu, ba ruwansa da rumfar burkutu, kai shi can cin fuska ne. Ɗalibar da ke nazarin gine-ginen ƙasa kuwa za ta yi awa uku a gida ɗaya ba ta gaji ba.

A wannan zama ne kuma za ka faɗa masa dokokin wuri tun kafin ya taka su. Mutanenmu da ke zuwa sarin kaya Bankok, babban birnin Tailan, sun san yadda abin yake a can: a Babbar Fada ana mayar da duk wanda ya zo da gajeren wando ko kafaɗa a buɗe, a ɗakunan bautar Buda ana cire takalmi, ba a kuma miƙe ƙafa wajen gunkin. A can an rubuta doka a allo a bakin ƙofa. A nan ba wanda ya rubuta, kai ne allon. In ka bari sai a gaban fadawa za ka ce masa ya tuɓe takalmi, ka kunyata shi, ka kuma nuna wa fadawa ba ka san aikinka ba.

2. Ka riga shi zuwa

Duk inda za ka kai baƙo gobe, ka taka da ƙafarka yau, ko aƙalla ka buga waya ga mutumin da ke cikin littafinka. Sarki yana iya yin tafiya. Ana iya yin rasuwa a fada a rufe ƙofa kwana da kwanaki. Mai mabuɗin gidan tarihi yana iya fita cin abinci da tsakar rana. Kasuwannin ƙauye da yawa a wannan yanki ba sa bin ranakun mako, zagaye suke yi na 'yan kwanaki, don haka wadda ta ci Talata a wannan makon ba lallai ta ci Talata a mai zuwa ba. Ka tambayi masu motar da ke zuwa can, su ba sa kuskuren lissafin.

Kakanninmu da ke fataucin goro zuwa Gwanja suna da mutum na musamman don wannan aiki. Madugu ne shugaban ayari, amma jagaba ne ke gaba, shi ke duba hanya da mafitar kogi da wurin sauka, a kuma daidaita da sarkin gari kan abin da za a biya kafin jakuna su iso. Aikinka ke nan.

3. Ka tsara lokaci bisa rana da nisan hanya

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, shi ne mafi daɗin yawo, sai dai ƙura kan dami mai asma. Maris da Afrilu zafi ne mai kayar da baƙo. Da damina ƙasa ta yi kyau, sabuwar doya ta fito wajen Agusta, amma hanyoyin ƙauye sukan lalace.

A kowace rana ka raba aiki biyu: daga hantsi zuwa kusan sha biyu, sai hutu da abinci da salla, sai kuma bayan la'asar. Wuri uku a yini sun isa. Mai cusa wuri bakwai a rana ɗaya yana ganin ya burge, amma baƙonsa zai kwanta da ciwon kai bai tuna komai ba.

Nisa kuma kada ka rage shi don ka faranta rai. Paraku zuwa Jugu ya haura kilomita 130. Jugu zuwa Natitingu kusan 80 ne. Nikki ta fi kilomita 100 daga Paraku, ta hanyar Ndali. Kwatano ta haura 400, saboda haka wanda ke son ganin fadojin Abomey, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985, sai ya ware musu tafiya dabam. A lissafa komai yadda za a shiga masauki kafin magariba.

4. Ka fara da gidan tarihi, kuma ka riƙe tarihin gaskiya

Dalilin farawa da gidan tarihi shi ne a can ne kawai baƙo ke da damar tsayawa ya ƙura ido ya yi tambaya ba tare da ya takura wa kowa ba. Gidan tarihin Paraku na fili ne, zagayayyun ɗakuna irin ginin gargajiya, da kayan rayuwar mutanen yankin. Na Natitingu yana cikin wani gini na zamanin mulkin Faransa, ya fi ba da ƙarfi ga al'ummomin duwatsun Atakora. Wanda ya ga abu a can an yi masa bayani, in ya sake ganinsa a jikin bafade ko a rumfar kasuwa zai gane shi. Ka biya kuɗin shiga a karɓi rasit, ka tambayi ko ɗaukar hoto yana da nasa kuɗi, ka kuma bar ma'aikacin wurin ya yi bayaninsa. Kai fassara ce taka a nan, ba gasa ba. Kada baƙo ya taɓa kaya, gumin hannu yana cin fata da tsohon saƙi.

Ga ƙashin bayan labarin da ya kamata ya zauna a kanka. Paraku da Nikki ƙasar Bargu ce, ta Bariba, masu sarautarta su ne Wasangari, mahaya dawaki. Garuruwan nan sun yi arziki ne da hanyar goro: ayari kan taso daga ƙasar Hausa da kanwa da tufafi da kayan fata da dabbobi, ya ratsa Bargu, ya sauka Jugu, ya wuce Salaga a ƙasar Gwanja, ya komo da goro. Shi ya sa tsofaffin garuruwan ke da fuska biyu, ɓangaren sarki da ɓangaren 'yan kasuwa Musulmi. A Jugu abin a fili yake: Kilir ta sarauta ce, Wangara ta fatake da malamai. A Nuwamban 1894 Lugard, wanda daga baya ya ci ƙasar Hausa da yaƙi, ya yi tsere da wani hafsan Faransa mai suna Decoeur zuwa Nikki don neman yarjejeniya da sarki, ya riga shi da 'yan kwanaki. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta tsaga Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila. Baƙon Najeriya yakan yi shiru in ya ji wannan, don sai a lokacin yake gane dalilin da ya sa mutanen Baruten a jihar Kwara da na nan harshensu ɗaya. Bio Gera ya yi wa Faransawa tawaye aka kashe shi a ƙarshen 1916, Kaba ya yi nasa a Atakora daga 1916 zuwa 1917. Layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, nan ya tsaya, daga nan motoci suka riƙa kwasar kaya zuwa Nijar. Hubert Maga, shugaban ƙasa na farko bayan 'yancin kai na 1960, haifaffen Paraku ne.

Abin da ya wuce saninka, ka ce za ka tambayo. Labarin baka, kamar na Kisira da ake cewa shi ne kakan sarakunan Bargu, ka faɗe shi a matsayin abin da dattawa ke faɗa. Baƙi da yawa sun yi karatu kafin su zo, ƙarya ɗaya in suka kama, sauran maganarka ta zube.

5. Fada

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kai. Sarkin Paraku yana ɗauke da sunan Akpaki, na Nikki Sinaboko, na Jugu a Kilir Kpetoni. Kowace fada da al'adarta, amma akwai abin da ya haɗa su.

Ba a shiga sai da iso. Ka je wurin bafaden da ke wannan aiki tun jiya, ka faɗi ko wane ne baƙon, daga ina, mutum nawa, me yake so. A nan za ka tambayi abubuwa huɗu: inda ake tuɓe takalmi, ko ana barin hula a kai, yadda ake gaisuwa, da ko an yarda da hoto. Batun gaisuwa yana da muhimmanci, domin a fadojin Bargu talakawa kan zube ƙasa sosai a gaban sarki, kuma akwai baƙon da addininsa ko gwiwarsa ba za su bar shi ya yi haka ba. In ka faɗa tun da wuri, fadawa sun saba, za su ce ya durƙusa ko ya rusuna ya isa. In ka yi shiru har kuka shiga, sai a ga mutum ya tsaya ƙiƙam, a ɗauka raini ne.

Ba a miƙa wa sarki hannu sai in shi ya fara. Ba a zama sai an nuna wuri, ba a ɗora ƙafa kan ƙafa, ba a miƙe tafin ƙafa wajensa. Magana takan bi ta bakin bafade ko da sarki yana jin harshen da aka yi ta, saboda haka ka hana baƙonka katse wannan zagaye don yana gaggawa. Wayoyi a kashe musu ƙara.

Gaisuwa ta hannu kuwa, goro ne da ɗan kuɗi a ambulan, a ba bafade da hannun dama, shi zai gabatar. Kada baƙo ya zaro kuɗi tsirara yana ƙirgawa a gaban sarki, fada ba wurin sayen tikiti ba ce. Ka kuma ware wani abu dabam na fadawa da makaɗa, musamman in an yi wa baƙon kirari. Ka gaya masa adadin tun a masauki don kada ya ji kamar tatsarsa ake yi.

Tambura da kakaki da kaburburan sarakuna ba a taɓa su, wasu ma ba a ɗaukar hotonsu. Ƙofar da ba a buɗe muku ba, ba a leƙa ta, cikin gida na iyali ne. Abu na ƙarshe, kuma ina roƙonku da shi: masarautun nan suna da gidajen sarauta fiye da ɗaya, wani lokaci da tsohuwar jayayya a tsakani. In baƙo ya tambayi wane ne ya fi cancanta, ba bakinka ba ne. Kalma ɗaya da ka saki a zaure za ta riga ka isa gida.

6. Kasuwa

Babbar kasuwar Paraku ita ce Arzeke. Ka shiga da baƙo da hantsi, lokacin an gama shimfiɗa kaya, rana ba ta yi zafi ba, masu kaya kuma ransu a sake. Kafin ku shiga, jaka ta dawo gaba, waya ta shiga aljihun gaba, fasfo ya zauna a masauki a riƙe kwafinsa. Ku sa alamar wurin haɗuwa in an rabu. In ƙungiya ce, kai a gaba, mataimakinka a baya.

Ka fara yi masa bayanin lissafin kuɗi, don nan ne baƙon Najeriya ke ruɗewa. Da Hausa ko Dandanci, dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai kaya ta ce ashirin, 100 take nufi. In ta ce ɗari, 500 ke nan. Jaka ita ce 1000. In da Faransanci aka faɗi farashi, to yadda aka faɗa haka yake. Na sha ganin rigima ta tashi a kan wannan, baƙo yana rantsuwa an cuce shi, mai kaya tana rantsuwa ba ta ƙara ko dala ba, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa. Canjin naira kuma a yi shi wurin ɗan canjin da ka sani, a ƙirga a gabansa.

Ciniki yana da ladabi. A yi sallama, a gaisa, sannan a tambayi kuɗi. Wanda ba shi da niyyar saye kada ya taya, domin in ya taya aka sallama, ya zama dole ya biya. In an ce albarka, ya ƙara ko ya yi godiya ya wuce, ba a kushe kaya don a karya farashi. Kayan abinci na yau da kullum kusan farashinsu sananne ne, jayayya a kan dala biyar da mai tallar tumatir ba abin yi ba ne. Atamfa da saƙi da kayan fata da na azurfa su ne ake zama a yi ciniki a kansu, kuma Jugu tana da masaƙa da maƙera da dukawa da za ka iya kai baƙo ya ga aikin a hannunsu, in ka nemi izini.

Ka nuna masa abin da yankin ya shahara da shi: doya, man kaɗe, yazawa, da cukun Fulani da ake kira wagashi, wanda ake rina bayansa ja da karan dafi. In zai tafi da shi, ka gaya masa sai ana tafasa shi ko a soya, in ba haka ba zai lalace a hanya. Abincin rana, sakwara da miya da soyayyen wagashi, ko wasa-wasa, a wurin da ake dafawa a gabanku ana sauke da zafi.

Hoto: a tambaya, kowane mutum da kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi wani abu, a yi hira, sannan a roƙa. In ta ce a'a, an gama. Yara kuwa sai da yardar babba.

Sai maganar la'ada. Na san masu shaguna kan ce ka kawo baƙo a ƙara masa kuɗi a ba ka rabonka. Wanda ya amince da kai ya biya ka don ka tsare shi, in ka haɗa baki aka yanke shi ka ci amana, kuma baƙi suna ganewa da zarar sun tambayi farashi a wata rumfa. In mai shago ya yi maka alheri bayan ciniki na gaskiya, wannan dabam. Haka kuma ka hana baƙo sayen hauren giwa, fatar namun daji, ko tsohon kayan gado da wani ya zaro daga ƙarƙashin tebur. Irin wannan kaya sau da yawa na sata ne daga fada ko wurin bauta, kuma yana iya jawo kamu a kan iyaka, a tambayi wanda ya raka shi. Ƙasar da ta yi shekaru tana neman kayanta har Faransa ta mayar da guda 26 na Abomey a Nuwamban 2021 ba za ta ɗauki wannan da wasa ba.

7. Wuraren ibada

Masallaci: in baƙon ba Musulmi ba ne, a nemi izinin liman ko ladan, a zo tsakanin salloli, ban da lokacin Juma'a. Takalmi a waje, mace ta rufe kai, ba a gitta gaban mai salla. In an ce a tsaya a haraba, a tsaya. A makarantar allo a gaida malam kafin a kalli almajirai, sadaka kuma a hannunsa ake ba da ita. Coci da gidan masu zuhudu na Katolika da ke bayan garin Paraku su ma haka, a guji lokacin addu'a, a rage murya.

Wurin bautar gargajiya ya fi bukatar hattara, don yawancinmu Musulmi ne kuma bakinmu ya saba da wasu kalmomi. Mutanen ƙauyukan nan da yawa suna jin Hausa. Kalmar arna ko tsafi in ta fita daga bakinka ko na baƙonka, an ji. Ba wanda ya ce ka yi imani da abin da suke yi, ba wanda ya ce ka sa hannu a yanka ko zuba abin sha, kana iya tsayawa gefe cikin mutunci. Baƙon da ba ya son zuwa kuma kada a matsa masa.

Ƙauyukan Taneka, a kan tudu kusa da Kopargo a arewacin Jugu, suna da zagayayyun ɗakuna masu jinka a cukushe da juna, da dattawan addini masu ɗaura fata da doguwar lofe. A nan ka ɗauki ɗan garin ya shige gaba, ka biya shi, don shi ya san dutsen da ba a hawa da wurin da ba a taka. A daidaita kuɗin hoto kafin a ɗaga waya. Kada baƙo ya raba wa yara alewa ko sulalla, abin da ke koya musu barin makaranta su tare hanya ke nan. In yana son taimako, a ba dattawa ko makaranta.

Gaba da Natitingu, wajen Bukumbe, akwai gidajen ƙasa masu bene da ake kira tata, na Otammari. UNESCO ta karɓi yankin Kutammaku na ɓangaren Togo a 2004, ta faɗaɗa shi zuwa Benin a 2023. Ƙofar tata ƙarama ce, ƙasan gidan duhu ne kuma nan dabbobi ke kwana, a sama rumbuna suke da ɗakunan kwana. Ka gargaɗi baƙo ya sunkuya, ya jira idonsa ya saba, ya hau tsani a hankali, kuma kada mutane da yawa su taru a kan rufi ɗaya. 'Yan tudun ƙasa da ke bakin ƙofa wurin tuna kakanni ne. Baƙon da ya gaji yakan ɗauka kujera ce ya zauna, ka riga shi faɗa.

8. In lokacin Gani ne

Bikin Gani na Nikki yana zuwa a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Mauludi, kamar Sallar Gani ta Daura. Sarki yana fita bisa doki ya zaga wuraren tarihi na gari, a busa kakaki, a buga tambura, sarakunan Bargu na Benin da na Najeriya su zo gaisuwa da dawakinsu. Washegari Gnon Kogi, babbar mace ta gidan sarauta, takan jagoranci askin 'ya'yan sarauta da raɗa musu suna.

Masauki a Nikki yakan cika tun da wuri, sai ka kama tun makonni kafin ranar, ko ku kwana Paraku ku yi sammako. Ka samo wa baƙo wurin tsayawa mai inuwa da mafita a bayansa. Haɗarin ranar dawaki ne: mahaya suna sukuwa, mai kallo ta cikin waya ba ya ganin abin da ke tahowa ta gefe. Ka riƙe shi a bayan layin da masu tsaro suka ja.

9. Tsaro da lafiya

A Mayun 2019 an sace Faransawa biyu a gandun dajin Penjari, aka kashe ɗan ƙasarmu da ke yi musu rakiya. Tun ƙarshen 2021 kuma ana kai hare-hare a yankunan kan iyaka da Burkina Faso da Nijar. Duk tafiyar da ta wuce Natitingu ko ta nufi can arewa, ka tambayi hukuma a ranar, ba labarin watan jiya ba, kuma in an ce kada a je, kuɗin baƙo ba zai sauya amsar ba. Mashigar Malanbil da Gaya ma ta shiga matsala tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mai niyyar bi ta can ya bincika kafin ya tashi. Ba a ɗaukar hoton soja, bariki, shinge ko gada mai gadi. A shinge kai ne mai magana, cikin ladabi, takardu a hannu.

Baƙon da ya yi shiru, ya daina gumi, ko ya ce kansa na juyawa, a kai shi inuwa nan da nan, a ba shi ruwan gishiri da sukari. Zazzaɓi kuwa asibiti za a je a yi gwajin cizon sauro, kada ka zama likitansa. Ya kwana cikin gidan sauro.

10. Kuɗin aiki da komawa godiya

Ku yanke kuɗin aikinka tun a zaman farko, a rubuce, a kuma bambance abin da ke ciki da abin da ba ya ciki: mota, mai, abincin direba, kuɗin shiga, goron fada, ɗan garin da za a ɗauka a Taneka. Kuɗin da ya ba ka na kashewa ka rubuta shi ɗaya bayan ɗaya, da yamma ka nuna masa, ka mayar da canji ko dala goma ce.

Bayan ya tafi, da sauran aiki. Ka koma wurin bafaden da ya yi muku iso ka ce baƙo ya sauka lafiya yana gaisuwa. In an yi wa wata mai kaya alkawarin hotonta, ka wanke shi a kati ka kai mata rumfa. In baƙon ya yi wani kuskure a fada ko a ƙauye, ka je da goro ka ba da haƙuri a cikin makon, kada ka jira sai ranar da ka kawo wani. Sannan ka buɗe littafinka ka gyara abin da ya sauya: lambar da ta daina shiga, sabon mai mabuɗi, farashin mota, da ranar da kasuwar ƙauyen za ta sake ci.